Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Labarin da zan bayar na Amurka ne, kuma ya haura shekara 50 da faruwa. Mutanen cikinsa ba su san sunan kowa a garin nan ba, ba su da rumfa a kasuwarmu, ba sa zama a majalisar kowa bayan la'asar. Don haka kowa ya gyara zama ya saurara hankali kwance, kada wani ya tsargu.

A 1969, a kamfanin Ampex da ke jihar Kalifoniya, masu ƙera na'urorin naɗar murya da hoto, aka haɗa injiniyoyi biyu a ofis ɗaya. Babban shi ne Ted Dabney, haifaffen 1937, wanda ya koyi aikin lantarki tun yana soja. Ba shi da yawan magana. Irin mutumin nan ne da in ka ba shi mataccen talabijin zai kwance bayansa ya yi shiru, ba za ka sake jin bakinsa ba sai hoto ya fito. Ƙaramin shi ne Nolan Bushnell, an haife shi a 1943 a jihar Yuta, dogo, mai zaƙin baki. Lokacin yana jami'a ya yi aiki a wani filin wasanni mai suna Lagoon, inda ya koyi yadda ake sa mai wucewa ya tsaya, ya sa hannu a aljihu, ya biya don ya jefi kwalabe da ƙwallo. Wannan ma ilimi ne, kuma ba kowa Allah ya ba wa ba. Mutanen biyu suka shaƙu, in an tashi hutun rana su baje wasan Go, wata irin dara da Japanawa ke ji da ita.

Bushnell ya ga wani wasa mai suna Spacewar, wanda Steve Russell da abokansa suka tsara a 1962 a jami'ar MIT: kumbo biyu suna harbin juna a fuskar kwamfuta. Nan take tunaninsa ya tafi ga ramin jefa sulai. Matsalar ita ce kwamfutar da aka yi wasan a kanta, PDP-1, kuɗinta dala 120,000. In kowane wasa senti 25 ne, sai an jefa sulalla 480,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. Suka gwada lissafi da wata ƙaramar kwamfuta mai suna Nova, suka ga ba ta da saurin da zai biya bukata. Har an fara maganar haƙura.

Ga yadda Dabney ya ce aka fita daga wannan tsaka mai wuya. Duk wanda ya yi zamani da talabijin baƙi da fari ya san halinsa: ana cikin kallo hoto ya riƙa gangarowa ƙasa yana ɓullowa ta sama, sai an tura yaro ya zagaya baya ya murɗa wani ɗan maɓalli kafin ya tsaya. Wata rana Bushnell ya tambaye shi me ke sa haka. Dabney ya yi masa bayani cewa talabijin layi-layi yake zana hoto, daga sama zuwa ƙasa, kuma akwai alamar lantarki da ke gaya masa inda zai fara kowane zagaye. In ƙirgen hoton da na alamar suka ɗan saɓa, sai hoton ya zame. Bushnell ya ce, to ba za a iya sa shi ya zame da gangan ba, har gefe da gefe? Dabney ya ce za a iya. Ya zauna da 'yan ƙwayoyin lantarki masu araha waɗanda aikinsu ƙirge kawai, ya haɗa allon da ke tura ɗigon haske duk inda ake so a fuskar talabijin, ba tare da kwamfuta ba ko kaɗan. A kan wannan dabarar aka gina duk abin da ya biyo baya. Tambayar ta Bushnell ce, kuma tambaya ce ta mai kaifin ƙwaƙwalwa. Amsar da dalmar da aka narka ta Dabney ce. Ya ce ɗakin kwanan 'yarsa ya kwashe ya mayar wurin aiki, a nan aka yi ta ƙona yatsu da dare. Ku riƙe maganar ɗakin nan.

Suka kai abin ga Nutting Associates, wani ƙaramin kamfani a Mountain View mai ƙera injinan kacici-kacici na jefa sulai. A 1971 aka fito da Computer Space, injin wasan bidiyo na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, a cikin wani akwati mai lanƙwasa da ƙyalƙyali. Da aka gwada shi a wata mashaya kusa da jami'ar Stanford, ɗalibai suka yi masa caa. Da aka kai shi mashayar leburori sai ya zama kayan ado. Maɓallansa huɗu, ga dogon bayani da sai an karanta. Mutumin da ya taso daga aiki a gajiye, hannu ɗaya riƙe da kofi, ba karatu ya zo yi ba. An ƙera wajen 1,500. Ba a yi asara ba, ba a kuma yi kuɗin a zo a gani ba.

Ranar 27 ga Yuni 1972 suka yi wa nasu kamfanin rajista da suna Atari. Jarin da aka fi ambata shi ne dala 250 daga kowannensu. Rabi da rabi, ba babba ba ƙarami. Suka ɗauko wani matashin injiniya daga Ampex, Allan Alcorn, ɗan shekara 24. Bushnell ya ce masa sun sami kwangila daga General Electric, ana son wasan ƙwallon tebur a talabijin. Babu wata kwangila. So yake yaron ya koyi aiki da gaske, ya san in ya ce gwaji ne ba zai zage damtse ba. Alcorn kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ya raba kowace sandar bugu gida takwas, ta yadda in ƙwallo ta sami tsakiya za ta koma kai tsaye, in ta sami gefe ta karkace. Ya sa ta riƙa ƙara gudu in an daɗe ana bugawa ba a faɗi ba. Da aka zo maganar sauti, Bushnell ya ce yana son a ji ihun 'yan kallo, Dabney ya ce a sa ihun tsiya ga wanda ya faɗi. Alcorn ya ce ba shi da kayan yin ko ɗaya, ya laluba cikin allon ya tsinci wasu ƙararraki da suke nan tun asali, ya jona su. Shi ne ɗan ƙaran nan da duniya ta sani.

Ya sayo talabijin ƙirar Hitachi na dala 75, Dabney ya harhaɗa akwatin katako da wurin jefa sulai, aka ɗora a kan ganga a mashayar Andy Capp's da ke Sunnyvale. Sunan wasan Pong. Bayaninsa gajere ne, hannu ɗaya ya isa a murɗa. Ba a daɗe ba mai kula da mashayar ya bugo waya ya ce injin ya lalace, a zo a duba. Alcorn ya je, ya buɗe ƙofar wurin kuɗi don ya kunna wa kansa wasa kyauta ya ga inda matsalar take. Sai sulalla suka zubo, suna gangarawa ƙarƙashin kujeru. Mazubin ne ya cika ya tumbatsa har ya toshe hanya. Ya durƙusa yana kwasa yana cusawa aljihu.

Daga ranar nan lissafi ya canza. Injin yana tara dala 35 zuwa 40 a rana, ninki huɗu na sauran injinan da ke gefensa. Bushnell, wanda dama yana Chicago yana tallar wasan ga manyan kamfanoni, ya janye ya ce su za su ƙera da kansu. Ya samo bashi daga bankin Wells Fargo, ya kama hayar wani tsohon zauren wasan gudu da takalma masu taya, ya je ofishin marasa aikin yi ya kwaso ma'aikata. Suna sayar da kowane inji ninki uku na kuɗin haɗa shi, kuma kuɗi hannu. Kafin ƙarshen 1974 sun sayar da fiye da 8,000. A ba Bushnell haƙƙinsa a nan: da Dabney ne kaɗai, da wataƙila Pong ya tsaya a kan gangar nan. Mai haɗa waya yana bukatar mai baki, kamar yadda mai baki ke bukatarsa. Bambancin shi ne ɗayansu ne kawai ya riƙa tuna haka bayan kuɗi sun shigo.

Dabney ya ce sai ya fara jin an yi taro an tashi ba a kira shi ba. Aka tura shi kula da zauren ƙira, ana yanke manyan shawarwari a ɗakin da ba ya ciki. Sannan ya gano an shigar da takardar neman mallakar fasahar nan ta motsa ɗigon haske, kuma babu sunansa. A cewarsa, daga ƙarshe abokin nasa ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ko ya sayar da rabonsa, ko a kwashe kadarorin a mayar wani sabon kamfani a bar shi riƙe da takarda. A watan Maris 1973, kamfani bai cika shekara ba, ya karɓi dala 250,000 ya fita.

Na san akwai mai cewa, to me ya rage? Mutum ya zuba 250 ya kwashi 250,000, ai sai godiya. Irin wannan lissafin ne kullum a bakin wanda ya riƙe sauran. Bayan shekara uku kacal aka sayar da kamfanin dala miliyan 28. Amma ni ba kuɗin ne suka fi tsaya mini a rai ba. Dabney da kansa bai yi ta kukan kuɗi ba, har ma ya ci gaba da taimaka wa Bushnell da aikin lantarki lokacin da ya buɗe gidajen cin abinci na Pizza Time Theatre. Abin da aka ɗauke masa suna ne. 'Yan jarida suka riƙa zuwa, ana ba su labarin haziƙin saurayi ɗaya da ya tashi da hannu biyu ya kafa masana'anta. A hankali mutum biyu suka koma mutum ɗaya. Har ɗakin nan ya yi ƙaura: a labarin da ya shiga littattafai, Bushnell ne ya fitar da tasa 'yar daga ɗakinta ya mayar wurin aiki. Dabney ya ce sam, a gidansa aka yi. Kowa da nasa zancen, amma zance ɗaya ne aka yi ta bugawa shekara da shekaru, domin mai ɗayan zancen ba a zuwa tambayarsa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Ban ce na san wani Alhaji da ya fara da keken ɗinki biyu shi da amininsa ba, wanda yanzu in gidan rediyo suka zo hira yake cewa shi da Allahnsa kaɗai suka taso. Ban ce na san fim ɗin da wani ya kwana yana rubutawa aka haska da sunan mai jari ba. Ni a Kalifoniya nake. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Dabney ba shi kaɗai aka manta ba. A watan Mayu 1972, kafin a ba Alcorn aikin nan, Bushnell ya je Burlingame wajen nunin wata na'urar wasa ta gida mai suna Magnavox Odyssey, ƙirar injiniya Ralph Baer, kuma a cikin wasanninta akwai ƙwallon tebur. Ya sa hannu a littafin baƙi. Da Magnavox ta kai ƙara, littafin nan ya fito. A 1976 Atari ta biya aka sasanta a wajen kotu. Pong ya fi na Baer daɗin bugawa nesa ba kusa ba, wannan aikin Alcorn ne. Amma sai da lauyoyi suka shigo kafin a tuna an taɓa zuwa Burlingame.

Wani abin dariya kuma. A lokacin, dillalan injinan jefa sulai kowa yana son kamfani ya ba shi kaya shi kaɗai a yankinsa, wato in ka ba wannan ka rasa wancan. Sai a 1973 Bushnell ya sa maƙwabcinsa Joe Keenan ya buɗe wani kamfani, Kee Games, a matsayin abokin gaba, alhali na Atari ne. Ana sayar da wasa ɗaya da suna biyu ga dillalai biyu. Har Kee ta fito da Tank a 1974, wanda ya yi kasuwar da ta tsamo Atari daga matsin kuɗi, aka haɗe su a ƙarshen shekarar. A shekarar da aka rasa wurin rubuta sunan abokin gaskiya, an sami takarda da tambarin ƙirƙiro kishiyar ƙarya.

Hali kuwa naso yake yi a gida. Wani matashin ma'aikacin Atari mai suna Steve Jobs aka ba aikin haɗa wasan Breakout, da alƙawarin ƙarin lada gwargwadon yawan ƙwayoyin lantarkin da ya rage. Aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauko abokinsa Steve Wozniak, wanda ke aikin rana a Hewlett-Packard. Wozniak ya yi kwana huɗu kusan ba barci ya gama. Jobs ya ce masa dala 700 aka biya, ya miƙa masa 350. Sai bayan kusan shekara goma Wozniak ya ji akwai ƙarin ladan da ake cewa ya kai dala 5,000, ya ce har hawaye ya yi. Jobs dai ya musanta har ƙarshen rayuwarsa. Yaro ne ɗan shekara 20 a lokacin, kuma ba a daji ya koyi yadda ake rabo ba.

A 1976 Warner Communications ta sayi Atari, domin Bushnell na bukatar kuɗin fito da na'urar wasa ta gida mai cin kaset, wadda ta fito a 1977. Ya sami rabonsa mai tsoka, ya ci gaba da zama shugaba. Sai dai yanzu akwai masu gida a samansa. Shi ma ya fara jin masu Warner sun yanke shawara a New York ba a tambaye shi ba. A ƙarshen 1978 suka yi cacar baki da Manny Gerard na Warner a kan makomar na'urar, aka raba gari. Shi ya ce tafiya ya yi, su suka ce sallamarsa aka yi. Ko ma wanne ne, ya fita daga kamfanin da ya raɗa wa suna, da sharaɗin ba zai yi gasa da shi ba na wasu shekaru. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wanda ya gaje shi, Ray Kassar, daga masaƙar Burlington Industries ya fito, inda ya yi fiye da shekara 20 yana harkar yadi. A zamaninsa abin da ake yi a ɓoye ya zama doka: ba a rubuta sunan mai tsara wasa a ko'ina, kada wani kamfani ya san shi ya ɗauke shi. A 1979 sashen talla ya raba wata takarda mai nuna kaset ɗin da suka fi kasuwa, don masu tsarawa su san irin abin da ake so. Su kuwa wani abu daban suka karanta. Mutum huɗu, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka haɗa lissafi suka ga wasanninsu ne suka kawo wajen kashi 60 cikin 100 na cinikin dala miliyan 100, alhali albashin kowannensu bai wuce dala 30,000 a shekara ba. Suka shiga wurin Kassar suka nemi abu biyu: ɗan kamasho, da sunansu a jikin kwali. Yadda suka ba da labari, ya ce musu ba su fi mai haɗa kaset a zauren ƙira muhimmanci ba, ya kwatanta su da masu zanen tawul, ya ce kowa ma zai iya.

Suka fita. A watan Oktoba 1979 aka kafa Activision tare da Jim Levy, kamfani na farko da ke tsara wasanni don na'urar da ba shi ya ƙera ba. A takardar bayanin kowane wasa akwai sunan wanda ya tsara shi, da hotonsa, da sa hannunsa. Wasan Pitfall! na Crane kaɗai ya sayar da fiye da miliyan huɗu. Atari ta kai ƙara, aka ja har 1982, aka sasanta a kan za su riƙa biyan wani kaso. Da wannan sulhun ƙofa ta buɗe wa kowa. Duk mai 'yan kuɗi ya kafa kamfanin kaset, kasuwa ta cika da tarkace.

Akwai wanda bai je ofishin kowa ba. Warren Robinett yana tsara wasan Adventure a kan albashin kusan dala 22,000 a shekara. Ya ɓoye wani ɗigo guda, ƙanƙani, a wani lungu mai duhu cikin baƙar fada ta wasan. In ka tsince shi ka kai shi wani zaure, bango zai bar ka ka ratsa, ka faɗa wani ɗaki da babu komai a ciki sai rubutu mai walƙiya da ke cewa Warren Robinett ne ya ƙirƙiri wasan. Bai gaya wa kowa ba. Ya miƙa aiki, ya bar kamfanin. A 1980 wani yaro ɗan shekara 15 ya gano ɗakin ya rubuto wa Atari wasiƙa. Da suka duba kuɗin gyara, suka ga ya haura dala 10,000, ga dubban kaset sun riga sun shiga gidaje. Dole aka bar sunan. Kamfani mai cinikin miliyoyi ya mayar da injiniyansa mai shiga ta taga don ya rubuta sunansa a kan aikin hannunsa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1982 aka ba mutum ɗaya mako biyar da 'yan kwanaki ya haɗa wasan E.T. don a riski kasuwar Kirsimeti, aka buga miliyoyi, aka riƙa dawo da su. A 1983 Atari ta yi asarar dala miliyan 536, Kassar ya sauka, aka loda kayan da suka yi kwantai a manyan motoci aka binne a juji a garin Alamogordo. A 1984 Warner ta raba kamfanin, ta sayar wa Jack Tramiel ɓangaren kayan gida. Ɓangaren injinan jefa sulai, tushen gidan, wanda ya yi Asteroids a 1979 aka sayar da fiye da 70,000, ya koma Atari Games, ya yi ta sauya hannu daga kamfanin Namco har zuwa kamfanin Midway, aka rufe shi a 2003.

Dabney kuwa ya koma aikin albashi a kamfanoni irin su Raytheon da Teledyne. Da ya gaji, shi da matarsa suka koma wani ƙaramin gari a kan duwatsu, Crescent Mills, suka buɗe kantin kayan masarufi. Yana auna kaya yana ba da canji, yaran da suka tashi da wasan bidiyo suna shiga suna fita. Sai a 2009 wani marubucin tarihin wasanni, Leonard Herman, ya neme shi ya yi hira da shi, mujallar Edge ta buga. A 2012 gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View ya zaunar da shi ya naɗi labarinsa daga bakinsa. Lokacin yana da shekara 75.

Ranar 26 ga Mayu 2018 ciwon dajin maƙoshi ya yi ajalinsa a Clearlake, yana da shekara 81. Jaridar New York Times ta buga labarin rasuwarsa, ta kira shi ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Atari. Bushnell ma ya yi rubutun ta'aziyya a Twitter, ya kira shi abokin tarayyarsa, wanda suka kafa kamfani tare, kuma amininsa. Shekara 45 ke nan bayan an sayi rabonsa. Takardar mallakar fasahar kuwa, mai lamba 3,793,483, wadda hukumar Amurka ta bayar a watan Fabrairu 1974, har yau suna ɗaya ne a kanta.